Yayana Ya Ci Sifili a Ciwon Baya

A shekarun da gwamnatin ƙasar nan ta ce kowa ya tsuke bakin aljihu, ina aiki a teburin karɓar marasa lafiya na wani ƙaramin asibitin unguwa a Longsight, cikin Manchester. Ni ba likita ba ce, ba kuma nas ba. Ni ce wadda za ka tarar a bakin ƙofa in tambaye ka suna da ranar haihuwa, in ce ka samu wuri ka zauna. Aikin ya dace da ni, don tun ina yarinya Inna take cewa da ana biyan kuɗin tambaya da tuni na gina gidan sama. A kan wannan kujera na gano cewa Turawa sun iya ba da labarin ciwo. Tsohuwa za ta jingina da teburina ta faɗa mini inda ciwon ya fara, da ƙarfe nawa ya tashe ta, wane gefe ne yake sara, wane ne yake zugi, alhali ni lokacin ganin likita kawai zan rubuta mata. Da farko kunya nake ji a madadinsu. Daga baya na koma sauraro da sha'awa, har ina ƙara musu tambayar da ba a sa ni ba.

Yayana kuwa yana Birmingham, a Sparkbrook. Shi ne babba a ɗakinmu, ni ce auta, tsakaninmu shekara goma sha huɗu. Shi ya fara zuwa ƙasar nan, shi ya ɗauki nauyin karatuna, shi ya tarye ni a filin jirgi da wata rigar sanyi da ta wuce mini gwiwa. Makanikin manyan motocin bas ne. Wata safiya ya sunkuya zai ɗaga wani ƙarfe, bayansa ya riƙe. Likitoci suka ce wani faifai ne a tsakanin ƙasusuwan baya ya zame yana danne jijiya, sai an yi aiki, aikin kuma akwai dogon layi.

Ka'idar ƙasar nan ita ce, in ma'aikaci ya kwanta ciwo, wurin aikinsa zai riƙa ba shi ɗan abin da doka ta yanka na wajen wata shida. In lokacin ya cika bai warke ba, sai ya koma ga gwamnati, wadda dama tun ranar da ya fara aiki ake cire mata wani abu a albashinsa saboda irin wannan rana. Sai dai a shekarun nan takardar likitanka kaɗai ba ta isa. Za a fara ba ka ɗan tallafi na wucin gadi, a aiko maka da fom mai kauri ka cike, sannan a kira ka wurin tantancewa, inda wani ma'aikacin lafiya da bai taɓa ganinka ba zai yi maka tambayoyi ya ba ka maki. Iya abin da ba ka iya yi, iya makinka. In makin ya kai, a riƙa tallafa maka har ka warke. In bai kai ba, a ce lafiyarka ƙalau, je ka nemi aiki.

Duk tsawon watannin nan kowace Lahadi sai na buga masa waya.

"Yaya, ya jikin?"

"Da sauƙi, Auta, alhamdu lillahi. Ya aiki? Ya sanyin Manchester?"

Daga nan sai mu shiga labarin gida, wa ya yi aure, wa ya haihu, wa ya rasu.

Wata Laraba ina bakin aiki matarsa ta kira ni. Akwai wasa tsakanina da ita, ba ta kirana sai ta fara da "uwar tambaya, dangin miji masu sa ido." Ran nan ko sallama ba ta ƙarasa ba.

"Auta, takarda ta zo. Yayanki ya ci sifili."

"Sifili a me?"

"A ciwon baya mana. Wai fit for work, zai iya aiki. Sun tsayar da kuɗin."

Allah ya yafe mini, dariya na yi, don na ɗauka tsokana ce. Mutumin da bai taɓa zuwa na biyu a aji ba! Da na ji ba ta taya ni ba sai na daina. Yara uku gare su, a flat mai ɗaki biyu a saman wani shagon yadi, ita kuma aikin 'yan awoyi take yi a kicin ɗin wata makarantar firamare. In babu tallafin nan ba za su iya riƙe gidan ba har layin aikin ya zo kansa.

Na ce su nemi a aiko musu da rahoton wadda ta tantance shi. Asabar ɗin da rahoton ya iso na hau jirgin ƙasa, na sauka na kama bas ɗin Stratford Road, ina tafe ina tsara a raina wasiƙar da zan rubuta musu. Na riga na yanke hukunci cewa matar nan maƙaryaciya ce, kuma sai na tona mata asiri layi bayan layi. Amma a ƙasan haushin akwai wani abu da yake cina: ta yaya mutum zai shiga ɗaki da ciwon da ya kwantar da shi wata bakwai, ya fito ko maki ɗaya babu?

Na tarar da shi a falo, zaune a kujera mai dogon baya, da farin kaftani da hula, kamar mai jiran baƙi. Bayan gaisuwa na ɗauki rahoton na fara karantawa ina fassarawa, matarsa tana tsaye a bakin ƙofa.

"Ta ce ka zo tsaf-tsaf, cikin kaya masu kyau da guga."

"Shaddarsa ta salla ya saka," in ji matarsa. "Har da turare."

"To da tsumma zan je gaban hukuma?" in ji shi.

"Ta ce da ta shigo ka miƙe daga kujera ba wanda ya taimake ka."

"Matar ta girme ni, Auta. Kanta fari fat. Ta shigo in zauna ina kallonta kamar marar tarbiyya?"

"Ta ce ba ka amfani da sanda."

Ya kawar da kai. Matarsa ta ce, "A bakin ƙofa ya miƙo mini ita. Ya ce in riƙe kada a ce ya zo bara."

"Ta ce kana iya ɗaga hannu biyu sama kamar mai saka hula."

Nan ya ɗan murmusa. "Wannan kam har cin fuska ne. Na cire hular na mayar mata sau biyu, har da kari."

Haka muka bi rahoton har ƙarshe. Ta tambaye shi yaya yake ji, ya ce yana samun sauƙi, ya gode wa Allah. Ta tambaye shi yadda yake yin yininsa, ya ce yana salla sau biyar. Matar kuwa ta daɗe tana aiki a Birmingham, ta san yadda Musulmi suke salla, sai ta rubuta cewa yana iya tsayuwa, yana iya sunkuyawa, yana iya kai goshi ƙasa ya tashi, sau da yawa a rana. Abin da ba ta sani ba, ya ninka maganin kashe ciwo kafin ya fita, kuma da suka dawo kwana uku ya yi bai sauko daga gado ba. Na ajiye takardar. Na zo da shirin faɗa, na nemi ƙarya ɗaya a ciki na rasa. Duk abin da ta rubuta shi ya nuna mata da hannunsa.

Na bi matarsa kicin, tana kaɗa miyar kuɓewa. Na ce, "Anti, maganar sallar nan fa? In yana iya sujada ai da gaskiyarta."

Ta rage wuta, ta leƙa falo, ta turo ƙofa.

"Kin lura ya daina zuwa masallaci?"

"Ya ce mini nisa."

"Nisa? Leƙa tagar nan, ga masallacin can. Rabon da goshin Yayanki ya taɓa ƙasa tun kafin azumi. A kujera yake salla, a uwar ɗaka, ya sa sakata kada yara su gani. A masallaci kujerun a baya suke, layin tsofaffi. Ya ce shi da ake sakawa ya ja salla in liman bai zo ba, ba zai je ya zauna da masu haƙoran roba ba."

"Sai kuma me?" na ce, don hali zanen dutse.

"Sauran ba nawa ba ne in faɗa. Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba."

Na tsaya riƙe da ludayi ina jin kunya tana hawa mini tun daga ƙafa. Wata bakwai ina tambayarsa jiki, wata bakwai yana cewa da sauƙi, ni kuma ina karɓa in wuce. Ni da nake tatsar tsofaffin Turawa labarin gwiwoyinsu, ban taɓa yi wa yayana tambaya ta biyu ba. A wurinmu "ya jiki" gaisuwa ce, amsarta guda ɗaya, ko mutum yana gargara haka zai ce. Na san haka sarai, amma na zaɓi in yarda, don yardar ta fi mini sauƙi.

Na koma falo da zafina. Ban taɓa ɗaga masa murya ba sai ran nan.

"Yaya, za a ɗaukaka ƙara. Kuma wannan karon za ka faɗa musu gaskiya."

"Ƙarya na yi musu?"

"Ba ka yi ba. Amma ranar wanka ba a ɓoyon cibi."

"Auta, Allah ya jarrabe ni da ɗan ciwon baya, wasu suna can ba ƙafa ba hannu. Sai in ɗauki ƙafa in je in kai ƙararsa wurin Bature? In zauna ina lissafa abin da ya hana ni, in manta abin da ya ba ni?"

"Ba ƙarar Allah za ka kai ba. Haƙƙinka ne, shekara nawa ana cire maka?"

"Kin ga abin da jaridunsu suke rubutawa kullum. Malalata, masu kwanciya a gida suna cin gumin wasu. Ni da bakina na sha zaginsu a gareji."

"To ni ma sifili na ba ka," na ce. "Kowace Lahadi sifili nake ba ka, don abin da kake nuna mini ke nan."

Ya gyara zama a hankali, na ga yadda ya cije leɓe kafin ya saki.

Akwai wani ofishin ba da shawara kyauta a unguwar, wanda a da kullum yake buɗe, amma tun da council, wato ƙaramar hukuma, ta rage musu kuɗi ya koma safiya biyu a mako. Ni da matarsa muka je muka bi layi. Wani dattijon Bature mai tabarau a goshi ya karanta rahoton, ya yi ajiyar zuciya, ya ce ya ga irinsa ba adadi a wannan unguwa. Ya ce dabarar ɗaya ce: mutum ya ba da labarin ranarsa mafi muni, ba mafi kyau ba, kuma ya riƙa rubuta abin da ya gagare shi kowace rana a littafi. Na sayi littafi mai jan bango na kai wa Yaya. Da na dawo bayan mako uku na buɗe, na tarar ya rubuta kwanan wata a kowane shafi da kyakkyawan rubutunsa, a ƙarƙashin kowanne kuma kalma biyu, alhamdu lillahi.

Da na koma Manchester sai kunnena ya canza. Na fara lura da namu in sun zo teburina. Wani direban tasi ya shigo yana dafa bango, gumi yana keto masa, na ce me ke damunsa, ya ce, "Small pain ne kawai, 'yar'uwa." Wata 'yar Kumasi mai aikin shara, da Hausarta ta zango, ta ba ni haƙuri sau uku don ta dame mu, hannunta kuwa ya kumbura kamar burodi. Na riƙa tambayar kaina ko wa ya tsara fom ɗin nan, da wane irin mutum a ransa. Mai yiwuwa wanda tun yana yaro in ya faɗi ake ce masa nuna mini inda yake ciwo. Mu kuwa in ka faɗi cewa ake tashi, namiji ba ya kuka. Daga lokacin na koyi yi wa namu tambaya ta biyu da Hausa, a hankali, in ce, "To ban da sauƙin, me ya hana ka barci jiya?"

Ranar sauraron ƙara ta yi nisa, watanni. Kuɗin da na aika musu Yaya ya dawo mini da shi, ya ce ƙanwa ba ta ciyar da wa. Abin da ya karya shi ba maganata ba ce. Matarsa ce ta ƙara aiki na biyu, sharar ofisoshi kafin gari ya waye, ta fita cikin sanyin hunturu ta dawo ta shirya yara ta wuce kicin ɗin makaranta. Yana kwance yana jin ƙarar ƙofa in ta fita. Mako biyu da fara wannan ya kira ni da kansa, abin da ba ya yi.

"Auta, wannan kotun taku, yaushe ne?"

Na ɗauki hutun kwana ɗaya na zo da fayil ɗin da na haɗa, takardun asibiti, hoton baya, wasiƙar likitansa, kowanne da alamarsa. Na tarar ya sake saka shaddar nan. Na buɗe baki, ya ɗaga mini hannu.

"Sandar zan riƙe. Shaddar dai ba zan fasa ba."

Kotun ba irin ta fim ba ce. Wani bene ne a tsakiyar gari, da dogon baranda da kujerun roba, mutane zaune jugum kowa da fayil a cinya. An ce mana a ciki alƙali ne da likita a bayan teburi, ba komai. Na ƙagu in shiga. Na yi watanni ina son in ji da wane baki Yaya zai faɗa, da waɗanne kalmomi, kuma mene ne sauran da matarsa ta ƙi gaya mini. Da magatakarda ya kira shi, ya ɗauki lokaci kafin ya miƙe, wannan karon bai ɓoye ba. Matarsa ta bi shi, na tashi zan bi su, ya tare ni da sandar.

"Ke tsaya nan."

"Yaya, ni fa na haɗa takardun!"

"Miƙa wa Antinki. Abin da zan faɗa a ciki ba na kunnenki ba ne."

Na miƙa wa matarsa fayil ɗin, ƙofa ta rufe. Ba zan ɓoye ba, na matsa kujerar da ta fi kusa na kasa kunne, amma ƙofar mai kauri ce, ba abin da nake ji sai gunji. Na ji haushi, na ji kishi ma, cewa wasu baƙi biyu da ba su san sunan kakanmu ba za su ji abin da aka hana ni. Sun fi minti arba'in a ciki.

Da suka fito idon matarsa ya yi ja. Shi kuwa bai kalli kowa ba, ya zauna yana kallon sandarsa. Ba a jima ba magatakarda ya kawo takarda ɗaya. An soke hukuncin farko, za a mayar masa da tallafin har a yi masa aiki ya warke. Matarsa ta rufe fuska da mayafi tana hamdala. Ni har na fara murna da ƙarfi, na ga fuskarsa na dakata.

"Duk jarrabawar da na yi a duniya," ya ce a hankali, "wannan ce kaɗai na ci na ji kunya."

Matarsa ta duba agogo ta zabura, lokacin tashin ƙaramarsu daga makaranta ya kusa. Ta ce in kai shi gida a tasi, ta ruga ta kama bas. Muka rage mu biyu a barandar. Shi ma ya duba agogo. A hunturun ƙasar nan Azahar ba ta daɗewa La'asar take shigowa, kuma bai yi Azahar ba. Ya ce ba zai kai gida ba lokaci zai fita. Na nuna masa banɗakin naƙasassu mai faɗi a ƙarshen baranda, ya shiga ya turo ƙofa, na tsaya a waje riƙe da babbar rigarsa ina jin ƙarar famfo. Can ruwan ya tsaya. Na jira har na fara tunanin ƙwanƙwasawa. Sai ƙofar ta buɗe kaɗan.

"Auta."

"Na'am, Yaya."

"Zo ki cire mini takalmi. Hannuna ba ya kaiwa."

Ya zauna a kan wata 'yar kujera da ke maƙale da bango, fuskarsa da hannayensa a jiƙe, yana kallon silin. Na durƙusa a gabansa na kwance igiyar, na zare takalmin, na zare safa. Farcensa a yanke tsaf, na san ba shi ya yanke ba. Tausayi ya kama ni, na sunkuyar da kai kada ya ga idona. Na juye ruwan gorata na tara na famfo mai ɗumi.

"Ki fara da dama," ya ce.

"Na sani, Yaya."

"Har idon sawu. Ki bi tsakanin yatsu."

"Kai ka koya mini ai, a bakin rijiyar gidanmu."

Na tallafi ƙafar da hannun hagu na zuba ruwa, na wanke ta sau uku, na ajiye ta a kan safar don kada ta taɓa ƙasa, sannan na ɗauko ta hagu.